Koya wa yara ɗaukar bayanai a lokacin karatu

Ɗaukar bayanai, wato mai karatu ya rubuta muhimman abubuwan da ya tsinta a cikin littafi a taƙaice kuma da kalmominsa, na daga cikin dabarun da masana ilimi ke cewa ya kamata a fara koya wa yara tun suna makarantar firamare.

An fara tsara fitattun hanyoyin yin hakan ne domin ɗaliban jami'a, amma a yanzu manhajojin wasu ƙasashe sun sauko da shi har zuwa kan 'yan shekara bakwai da takwas.

A Ingila, manhajar ƙasa da ta fara aiki a shekarar 2014 ta buƙaci yaran aji uku da aji huɗu, wato 'yan shekara bakwai zuwa tara, su iya zaƙulo bayani daga littattafan da ba na ƙagaggun labarai ba, su kuma rubuta shi.

A Amurka ma, ma'aunin karatu na bai ɗaya da aka fitar a shekarar 2010, wanda jihohi fiye da 40 suka amince da shi a wancan lokaci, ya tanadi cewa ɗan aji uku ya iya rubuta gajerun bayanai daga abin da ya karanta, ya kuma kasa su zuwa rukunonin da malami ya ba shi.

Sai dai bincike ya nuna cewa yaro ba ya iya wannan aiki da kansa don kawai an ba shi littafi da fensir. Sai an koya masa, mataki bayan mataki.

Bambancinsa da kwafe

A makarantu da dama, idan aka ce ɗalibi ya yi rubutu a aji, abin da ake nufi shi ne malami ya cika allo, yara kuma su kwafe shi kalma bayan kalma.

Ɗaukar bayanai ya sha bamban da haka, domin a nan yaron ne ke yanke shawarar abin da ya cancanci a rubuta da abin da za a bari.

Kafin ya kai ga haka, dole ne ya fahimci abin da ya karanta, ya bambance babban batu da ƙananan bayanan da ke mara masa baya, sannan ya nemo kalmomin da zai faɗi batun da su.

Yaro na iya kwafe shafi guda cur ba tare da ya gane jimla ko ɗaya ba, amma ba zai iya taƙaita shafin da kalmomi biyar ba sai ya san abin da shafin ke cewa.

A shekarar 1972, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Francis Di Vesta da Susan Gray, sun bayyana cewa ɗaukar bayanai na da amfani iri biyu.

Na farko yana faruwa ne a lokacin da ake rubutun, domin zaɓe da sake faɗin magana na taimaka wa bayani ya zauna a ƙwaƙwalwa. Na biyu kuma shi ne takardar ta zama ma'ajiya, wadda za a koma mata daga baya a yi bita.

Mai kwafe yana iya samun amfani na biyu, amma na farkon yakan wuce shi.

Me ya sa aka ware littattafan bayani?

Littattafan bayani su ne waɗanda ke magana a kan abubuwan da suke na zahiri, kamar dabbobi da tsirrai da jikin ɗan Adam da tarihi da labarin ƙasa da rayuwar fitattun mutane.

Yaro ya saba da tsarin labari tun daga tatsuniyoyin da ake yi masa a gida. Ya san akwai farko da tsakiya da ƙarshe, akwai kuma wanda ake ba da labarinsa, don haka ba ya shan wahalar riƙe shi.

Littafin bayani kuwa ba shi da wannan zare. Yakan zo da kanun magana da jadawali da taswira da hotuna masu bayani a ƙarƙashinsu, ga kuma baƙin kalmomi da yawa a shafi guda.

Wata masaniyar karatu ta Jami'ar Harvard, Jeanne Chall, ta bayyana a wani littafi da ta wallafa a shekarar 1983 cewa a wajen aji huɗu ne yaro ke tashi daga matakin koyon karatu zuwa matakin yin karatu domin ya koyi wani abu.

Ta kuma lura cewa a daidai wannan gaɓa ce yara da yawa, musamman 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ke fara komawa baya, ko da a azuzuwan farko ba su da wata matsala.

Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka bayar shi ne ƙarancin sabo da irin waɗannan littattafai.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000, Nell Duke ta ziyarci azuzuwan 'yan aji ɗaya guda 20 a yankin birnin Boston, inda ta gano cewa lokacin da ake kashewa a kan rubutun bayani bai wuce minti 3.6 a rana ba. A makarantun unguwannin talakawa, minti 1.9 ne kacal.

Wannan bincike na cikin abubuwan da suka ja hankalin hukumomin ilimi a Amurka. Ma'aunin shekarar 2010 ya nemi a raba karatun ɗan aji huɗu gida biyu daidai, rabi labarai da waƙoƙi, rabi kuma rubutun bayani.

Asalin fitattun dabarun

A shekarar 1946, Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya wallafa wata dabara mai matakai biyar, wadda aka fi sani da SQ3R. Mai karatu zai fara leƙa babin gaba ɗaya, ya tsara tambayoyi, ya karanta, ya faɗi abin da ya gane da ka, sannan ya yi bita.

A shekarun 1950 kuma, Walter Pauk na Jami'ar Cornell da ke jihar New York ya ƙirƙiro tsarin da ake kira da sunan jami'ar, ya kuma yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1962.

A tsarin Cornell ana raba shafi gida uku. Ɓangaren dama mai faɗi na bayanai ne, siririn ɓangaren hagu na tambayoyi ne da muhimman kalmomi, ƙasan shafin kuma na taƙaitawa ne cikin jimla ɗaya ko biyu.

Waɗannan dabaru biyu an yi su ne domin manya, amma malaman firamare kan sauƙaƙa su, alal misali ta hanyar raba shafi gida biyu kawai.

Wata dabara da ta karɓu a ƙananan azuzuwa ita ce wadda Donna Ogle ta gabatar a shekarar 1986, wadda ake kira KWL.

Ana zana layuka uku ne a kan allo ko takarda. A na farko yara su faɗi abin da suka riga suka sani game da batun, a na biyu abin da suke son sani, a na uku kuma, bayan an gama karatu, abin da suka koya.

Amfanin layi na biyu shi ne yaro ya shiga littafin da tambaya a ransa, domin wanda bai san abin da yake nema ba, komai zai ga kamar ya cancanci a rubuta.

A Ingila, David Wray da Maureen Lewis sun yi aiki da malaman firamare a shekarun 1990 a kan wannan batu, inda suka yaɗa amfani da jadawalin tambaya da amsa, da kuma takardun da aka fara wa yaro jimla a cikinsu domin ya ƙarasa.

Matakan koyarwa

Akasarin hanyoyin da ake bi a yau sun ginu ne a kan wani tsari da David Pearson da Margaret Gallagher suka bayyana a shekarar 1983, na miƙa wa ɗalibi ragamar aiki sannu a hankali.

Da farko malami ne ke yin aikin yara na kallo. Zai karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ya tsaya, ya faɗi abin da ke ransa a fili: wannan jimla ta amsa tambayarmu, waccan kuwa ƙawa ce kawai. Daga nan ya rubuta kalma biyu ko uku a allo.

A mataki na biyu malami da yara ne za su yi tare, su yi ta muhawara a kan kalmar da za a ɗauka da wadda za a bari.

A na uku yara su yi bibbiyu, kowa na faɗa wa abokinsa abin da ya gane kafin a rubuta. Sai a ƙarshe ne yaro zai yi shi kaɗai.

Ga 'yan shekara biyar da shida, waɗanda hannunsu bai faɗa da rubutu ba, malami ne ke karanta musu, su kuma su zana hoton abin da suka ji, su sa masa suna da kalma ɗaya.

'Yan shekara bakwai da takwas kan koma ga rubuta muhimman kalmomi a cikin jadawalin da aka riga aka zana musu, mai kanu kamar abinci da mazauni da siffa idan ana nazarin dabba.

Daga shekara tara zuwa sama ne ake sa ran yaro ya fara tsara kanunsa da kansa, ya haɗa bayanai daga littafi fiye da ɗaya, ya kuma rubuta sunan littafin da ya samo kowane bayani.

Wata ƙa'ida da malamai da yawa ke amfani da ita ita ce a karanta, a rufe littafin, a faɗi abin da aka tuna, sannan a rubuta. Muddin littafin na buɗe a gaban yaro, hannunsa zai koma ga kwafe.

Wasu kuma kan ƙayyade yawan kalmomi, su ce kada bayani ɗaya ya wuce kalma biyar, ko su ba yaro 'yar ƙaramar takarda wadda doguwar jimla ba za ta shiga ba.

Misali daga darasin raƙumi

A ɗauka cewa 'yan aji uku na karanta wani shafi a kan raƙumi, kuma tambayar da ke kan allo ita ce, yaya raƙumi ke rayuwa a hamada?

Shafin ya yi bayanin cewa mutane sun daɗe suna amfani da raƙumi wajen fatauci, cewa tozonsa kitse ne ke ciki ba ruwa ba, kuma jikinsa na amfani da kitsen idan abinci ya yi ƙaranci.

Ya kuma ce raƙumi na iya rufe ƙofofin hancinsa idan iska ta taso da yashi, yana da dogon gashin ido, kuma tafin ƙafarsa mai faɗi ne, shi ya sa ba ya nutsewa a rairayi.

Yaron da ba a koya wa ba zai fara ne daga jimlar farko ta fatauci, ya yi ta kwafe har lokaci ya ƙare, wataƙila ma bai kai ga tozon ba.

Wanda aka koya wa kuwa zai tsallake batun fatauci, domin bai amsa tambayar ba. Zai rubuta layuka huɗu gajeru: tozo, kitse, guzuri; hanci, rufewa, yashi; gashin ido, dogo; ƙafa, faɗi, rairayi.

Aikin bai ƙare a nan ba. Washegari malami zai sa yaron ya dubi waɗannan kalmomi kawai, ba tare da littafin ba, ya yi wa aji bayani ko ya rubuta jimloli huɗu na kansa.

Idan ya kasa gane abin da ya rubuta jiya, to ya koyi cewa bayanin nasa ya yi gajarta da yawa. Idan kuma jimlolinsa suka fito daidai da na littafin, to alama ce ta cewa hadda ya yi.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1983, Ann Brown da Jeanne Day sun gwada ɗalibai daga aji biyar har zuwa jami'a a kan taƙaita rubutu.

Sun gano cewa ƙananan ɗaliban na bin hanya guda ce, su goge jimlolin da suke ganin ba su da amfani, su kwafe sauran yadda suke. Haɗa bayanai da yawa a ƙarƙashin kalma ɗaya, da ƙirƙiro jimlar da ta tattara ma'anar sakin layi, sai a hankali suke zuwa da shekaru da kuma horo.

A shekarar 2010, Steve Graham da Michael Hebert sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a wani rahoto da suka rubuta wa gidauniyar Carnegie ta New York.

Rahoton ya nuna cewa ɗaliban da ke yin rubutu a kan abin da suka karanta, ko ta ɗaukar bayanai ko taƙaitawa ko amsa tambayoyi, sun fi fahimtar karatun a kan waɗanda suka karanta kawai ko suka maimaita karantawa.

Sai dai rahoton ya ƙara da cewa ɗalibai masu rauni ba su ci moriyar hakan ba, sai a inda aka koya musu yadda ake yi dalla-dalla.

A 2013 kuma, John Dunlosky na Jami'ar Kent da ke jihar Ohio da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda goma. Sun sanya ja wa kalmomi layi ko shafa musu launi, da kuma maimaita karatu, a cikin masu ƙarancin amfani, yayin da gwada kai da tambayoyi da rarraba bita a kan kwanaki suka zo a sama.

Wannan ne ya sa masana ke jaddada cewa kada takardar bayanai ta tsaya a jaka. Yaro ya rufe ɓangaren amsa, ya yi wa kansa tambaya, sannan ya duba.

Game da rubutun hannu da na kwamfuta, wani bincike na shekarar 2014 da Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka yi ya nuna cewa ɗaliban jami'a masu amfani da kwamfuta sun fi kwafe magana kalma bayan kalma, kuma masu rubutu da hannu sun fi su amsa tambayoyin fahimta.

Amma da wasu masana suka sake gwajin a shekarun da suka biyo baya, ba su sami bambanci mai ƙarfi a sakamakon jarrabawar ba. Kuma binciken bai shafi ƙananan yara ba.

Halin da ake ciki a Najeriya da Nijar

Rubuta bayani a kan abin da ake karantawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

Tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu a Kano da Sakkwato da Borno cike suke da sharhi a gefen shafi da tsakanin layuka, inda ɗalibai kan rubuta ma'anar kalmar Larabci da ajami. A wasu tsofaffin kwafin Alƙur'ani na Borno, an rubuta irin wannan sharhi da tsohon harshen Kanembu.

A makarantun boko kuwa, babban ƙalubalen shi ne yara da yawa ba su kai ga matakin karatun da za su iya ɗaukar bayanai ba.

Wani rahoto da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi.

Akwai kuma matsalar harshe. Shekaru da dama manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi a koyar da yara da harshen yankinsu a azuzuwa ukun farko, sannan a koma Ingilishi daga aji huɗu.

A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita hakan zuwa shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi.

A Nijar ma, akasarin littattafan makarantun boko da Faransanci aka rubuta su.

Yaron da aka ce ya faɗi magana da kalmominsa a harshen da bai mallaki kalmominsa ba, ba shi da mafita sai kwafe. Shi ya sa wasu malamai kan bar yara su fara bayyana abin da suka gane da Hausa, kafin a nemo kalmomin Ingilishi ko Faransanci da za a rubuta.

Inda littattafai suka yi ƙaranci, kwafe daga allo kan zama dole, domin shi ne kaɗai littafin da yaro zai koma gida da shi. Ko da haka, malami na iya rubuta sakin layi ɗaya a allo, a karanta tare, ya goge ko ya rufe shi, sannan yara su rubuta muhimman kalmomi uku daga cikinsa.

Rawar da iyaye za su taka

Ba sai iyaye sun yi zurfin karatu ba kafin su taimaka.

Uwa ko uba na iya tambayar yaro, bayan ya karanta shafi ɗaya, ya rufe littafin ya faɗi abu biyu da ya koya, sannan a tambaye shi wanne ne ya fi muhimmanci da kuma dalili.

Ana iya yin hakan da duk wani rubutu da ke gida, kamar takardar bayanin allurar rigakafi, ko rubutun da ke jikin buhun taki, ko labarin jarida.

Masana na ba da shawarar a fara da gajeren rubutu a kan abin da yaron ke sha'awa, kuma kada a tsananta wajen gyaran haruffa a wannan mataki, domin takardar bayanai ta mai ita ce, ba jarrabawa ba ce.

Abin da za a duba shi ne ko yaron zai iya ɗaukar takardar bayan kwana biyu ko uku, ya yi bayanin abin da ya karanta ba tare da ya sake buɗe littafin ba.